Baƙaƙen Ɗigo a Bakin Gafaka

Shekarar da ɓarin jikin Malam ya shanye, gero na tsaye a gona bai isa yanka ba. Malam shi ne maigidana, uban 'ya'yana. Baduku ne ɗan baduku, kuma a zauren gidanmu na Kusada yake aiki tun kafin a kawo ni daga Kankiya. Ciwon ya kama hannun dama da ƙafar dama, ya nauyaya mashi harshe. Bayan an sallamo mu daga asibiti, kullum da hantsi sai ya ja jiki da sanda ya fita zaure, ya zauna kan buzu, tsohuwar jakar kayan aikinshi a gefe. Ba ya buɗe ta. Ya dai ɗora hannun hagu a kanta ya yi ta kallon hanya.

Ni ba 'yar dukawa ba ce, gidanmu manoma ne. Amma macen da ta tsufa a gidan baduku ba ta rasa abin yi da fata. Ni ke tufkar igiyar rataya, ni ke ɗinkin ado a kan fatar akuya mai laushi. Sai dai huda ba tawa ba ce. Malam ke hudawa da basilla a zaure, ya aiko mani ciki in bi ramukan da allura da zare. Ban taɓa soka basilla cikin ƙirgi ba, wato fatar saniya mai taurin nan, sai a wannan shekarar.

Malam na da ƙane, shi ma baduku, yana da rumfa a kasuwar Kankiya. Tun da ciwon ya zo bai yi wasa da zuwa ba, yau ya kawo magani, gobe ya kawo ɗan nama. Da farko godiya kawai nake. Daga baya na lura duk shigowar da zai yi zaure, kafin ya dubi fuskar wanshi sai ya dubi jakar. Wata rana ina shanya a bayan katangar zaure na ji shi yana cewa, "Yaya, kayan nan tsatsa za su yi. Ka bar ni in tafi da su Kankiya, masu kawo aiki a riƙa turo mani su can. Abin da Allah ya kawo ai ba zan manta da ku ba."

Ban ji abin da Malam ya ce ba, don maganarshi a lokacin sai an matsa kusa. Ni dai na tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu. Na san in jakar nan ta fita daga zaure, ƙafar mutane ta ɗauke daga ƙofar gidanmu ke nan, mu zama masu jiran abin da za a aiko. Ga yara, autarmu ko firamare ba ta gama ba.

Akwai wani dattijo makiyayi da muke kira Baffa, rugarsu na can gaba da Boko. Inda ya kai aikin fata, nan mutanen rugagen yankin suke kaiwa. Kafin Malam ya kwanta, Baffa ya kawo jar fata ta akuyarshi, shi da kanshi ya kai ta wurin majemi, ya ce a yi wa ɗanshi gafaka, jakar da ake sa Alƙur'ani, don yaron zai yi sauka bayan an gama girbi. Malam ya riga ya yanke fatar, ya yanke ƙirgin da ake sawa a ciki don gafakar ta tsaya. Huda da ɗinki suka rage, sai ciwo ya zo.

Ranar da Baffa ya zo duba jiki, ƙanen Malam na nan. Na kai masu ruwa na koma bayan labule. Bayan gaisuwa Baffa ya ce, "Malam, ba don in matsa maka ba. Fatar nan fa?"

Malam ya ɗaga hannun hagu ya nuna cikin gida. Da ƙyar ya fitar da kalma biyu. "Za a yi."

"Wa zai yi?"

"Ita."

Na ji Baffa na tsotsar haƙorinshi. Can ya ce, "Fata guda ce, Malam. Akuyar da ta yi ta babu irinta a garkena yanzu."

Ƙanen Malam ya yi dariya ya ɗaga murya don in ji. "Matarmu, kin ji fa! Ƙirgi ba tuwo ba ne da za ki tuƙa ki kwashe." Sannan ya sauke murya. "To, a bar ta ta gwada. In Baffa ya karɓi gafakar, na bar maganar jaka. In bai karɓa ba, Yaya, sai ka bar ni in ɗauka."

Tsakanina da shi akwai wasan ƙanen miji, shekara da shekaru muna yi. Amma ranar ban iya gane inda wasa ya tsaya ba.

Da yamma Malam ya buɗe jakar ya tura mani basillarshi da ƙafa. Ta mahaifinshi ce. Ƙarfenta ya yi santsi yana ɗaukar ido, siriri, zagayayye, bakin kamar ƙayar aduwa. Amma ƙotar ta yi mani girma. Itacen ya lotsa daidai tafin hannun namiji, nawa kuwa ba ya rufe ta. Na gwada a kan guntayen ƙirgi. In na danna sai ta zame ta karkace, ramin ya shiga nan ya fito can. Kafin a kira magariba tafina ya ɗuri ruwa. Ramin da take yi dai babu kamarshi, ɗan ƙarami, in ka zare ta sai fatar ta koma ta tsuke. Ƙarfen na so na, ƙotar ba ta so na.

Ban faɗa wa kowa ba. Amma ran kasuwar Kankiya da la'asar sai ga ɗan acaba da saƙo daga ƙanen Malam. Wani ɗan kwali ne mai leda a gaba, a ciki ƙota ɗaya ta roba da kawuna iri-iri masu ƙyalli, ana murɗa wanda ake so a ɗaure. Na juya kwalin na duba. Na yi ajin yaƙi da jahilci, ina karanta Hausa daidai gwargwado, amma rubutun jikin ba Hausa ba ne, sai hoton wani hannu fari yana huda takalmi.

Abin da na fara tambayar kaina shi ne, wa ya gaya mashi basillar Malam ta ƙi ni? Na biyu kuma, mutumin da zai samu jaka in na kasa, me zai sa ya aiko mani da abin da zai sa in iya?

Na bar kwalin kan randa ya kwana biyu ban taɓa ba. Da na ga lokaci na tafiya sai na buɗe. Ƙotar ta zauna mani a hannu, ba laifi. Na fara da kan nan mai ƙugiya irin na masu gyaran takalmi. Yana shiga lafiya, amma wajen fitowa sai ya kamo fuskar fatar ya yage ta. Na ajiye shi. Na ɗaura wani mai faɗi, mai kaifi gefe biyu kamar bakin mashi. Wannan kam ya shige ƙirgi kamar ana soka dafaffiyar kabewa. Har na ji daɗi ya kama ni. Na jera ramuka a guntun jar fata, na bi da zare, na ja don ya zauna. Sai ji na yi ɓarrr, fatar ta tsage daga rami zuwa rami har ƙarshe.

Na zauna ina duban guntun nan. Da a kan fatar Baffa na fara, da magana ta ƙare.

Da ƙanen Malam ya zo na nuna mashi guntun. Ya karɓa ya kwashe da dariya.

"Kai, matarmu! Ai ba a miƙe ake soka ta ba. Karkata bakin ake yi, kowane rami ya kwanta a gicciye, yadda ba za su haɗu ba."

"Ɗan acaban bai faɗa mani ba," na ce.

"Shi ma bai sani ba, ai ba baduku ba ne."

"Wanda ya aiko shi fa?"

"To, ga shi na faɗa yanzu. Ki ba ni fura in sha, kin tsare ni da ido kamar alƙali."

Na dama mashi fura. Bayan ya tafi na gwada yadda ya ce, kuma gaskiya ne, fatar ba ta tsage ba. Amma ramin na da faɗi, ba ya komawa ya tsuke, zaren na kwance a ciki kamar tsutsa a rami. Ga shi in na yi 'yan ramuka sai kan ya kwance ya fara rawa, sai na tsaya na sake murɗawa. Na kai wa Malam guntun zaure. Ya kai shi kusa da ido, ya girgiza kai. "Takalmi," ya ce. Wato wannan huda ta takalmi ce, ba ta gafaka ba.

Sai ya rage a yi mani tawa basillar. Maƙerin da ya san basillar dukawa a Kankiya yake, kuma shi sai ya ga hannun mutum yake sassaƙa ƙota. Ni kuwa ba halin in bar Malam, don a lokacin ko buta sai an riƙe mashi. Na ɗebo laka a bakin rijiya na dunƙula, na matse ta a tafina yadda zan riƙe basilla, na shanya ta bushe da shaidar yatsuna a jiki. Na karya tsinke daidai tsawon ƙarfen da nake so. Na naɗe su a tsumma. Sannan na zauna ina tunanin wanda zai kai. Babban ɗana na Katsina wurin aiki. Maƙwabtanmu ba su san maƙerin ba. Na juya, na juya, ba wanda ya rage sai ƙanen Malam. Da na miƙa mashi ƙunshin na ce, "A kai yadda yake, kar a gyara mani."

"Ko in ce a ƙara mata tsawo, tun da bakinki ma ya ƙara tsawo?"

"A kai yadda yake."

Ya dawo da ita naɗe a takardar siminti. Ina riƙe ta na san maƙerin ya ga lakar. Ƙotar ta shige tafina kamar da ita aka haife ni. Ƙarfen zagayayye irin na Malam, sai dai baƙi ne, da ɗan kaushi, da ƙaurin wuta a jikinshi. Na gwada a busasshen guntu nan take a gabanshi. Ramin ya yi kyau, amma sai na sa ƙarfina duka.

"Hannun mace ne," ya ce. "Ki jiƙa bakin fatar sosai ta sha ruwa, za ki ga ta yi laushi. In ba haka ba sai yaron Baffa ya yi jikoki ba ki gama ba."

Girbi ya riga ya kankama, ana ta shigo da dammunan gero gari. Washegari da hantsi na ɗauko fatar Baffa na shiga ɗaki, don idon Malam na rikita ni. Na haɗa jar fata da ƙirgi, na jiƙa tsumma na bi gefe ɗaya har ya yi laushi, na yi bisimilla na fara. Aikin ya tafi kamar ba ni ba. Kafin azahar na huda gefen nan duka na bi shi da zare. Na shimfiɗa a inuwa ya sha iska, na tafi girki ina jin kaina kamar sabuwar amarya.

Da la'asar na dawo ɗauka. Kowane rami ya yi baƙin zobe. Tun daga sama har ƙasa, ɗigo bayan ɗigo, baƙi ƙirin a kan ja, kamar an bi da alƙalami. Na goga da yatsa, bai fita ba. Na goga da tsumma, sai ma ya ɗan bazu.

Na zauna nan ƙasa. Shekarun da na yi ina bin ramukan Malam da zare ban taɓa ganin haka ba.

Babbar ɗiyata na aure a Kunduru. Na kira ta a waya na faɗa mata, ina magana ƙasa-ƙasa kar a ji a zaure. Ba ta bari na gama ba.

"Inna, an yi wa ƙarfen nan wani abu. Ke ma kin sani. Wa ya kawo shi?"

"Kar ki ɗauki alhakin kawunki."

"Ni ban ambaci kowa ba, ke kika ambata. Kar ki ƙara taɓa shi da hannu. Ki kai a yi addu'a a kai."

Ban so maganarta ba, amma ta zauna mani. Na tuna ƙunshin ya kwana a hannunshi. Na tuna yadda ya tsaya sai da ya ga na riƙe ta. Har maƙerin da ban taɓa gani ba na sa shi cikin zargi. Na ɗauki wani jiƙaƙƙen guntun fata da ya rage, na kama basillar da shi don kar fatar hannuna ta taɓa ta, na naɗe, na tura ƙarƙashin rumbu.

Da safe na jawo ƙunshin da nufin in aika gidan liman. Ina warwarewa sai ga siffar ƙarfen gaba ɗaya ta fito baƙa a jikin fatar, tun daga baki har gindi. Inda itacen ƙota ya kwanta kuwa ba komai. Na tsaya ina dubawa, sai na ce a raina, in abin da aka yi na jikin basillar ne, me ya sa ƙotar ba ta yi ba?

Na jiƙa wani guntun. Na zaro tsohuwar ƙusa daga jikin ƙyaure na ɗora. Na ɗauko hauyar yara na ɗora bakinta a gefe. Waɗannan dai ba wanda ya kai su Kankiya. Na je na yi shara, na ba Malam koko, na dawo. Ƙusa ta bar baƙin layi, hauya ta bar baƙin baki.

A nan ne na tuna tukunyar kuloko da ke bayan zaure, baƙin ruwan da dukawa ke zane da shi a kan fata. Na sha ganin Malam na zuba kashin maƙera a ciki, burbushin ƙarfen da ke zuba a maƙera. Ashe ƙarfe da ruwa da jemammiyar fata, in suka haɗu baƙi suke haifarwa, ko a tukunya ko a bakin gafaka. Ni da hannuna na haɗa su. Na gwada sauran biyun a jiƙaƙƙen guntu don in tabbata. Mai ƙyallin kwali ba ta bar komai ba. Ta Malam ta bar ɗan duhu kaɗan, sai an ƙura ido.

Na ji sanyi da ba sammu ba ne. Amma sanyin bai daɗe ba. Ni ban sani ba don ban taɓa huda ba, ban taɓa jiƙa fata ba. Wanda ya ce in jiƙa kuwa a cikin fata aka haife shi.

Ƙanen Malam ya zo da yamma. Na shimfiɗa mashi tabarma a tsakar gida na ajiye gafakar a gabanshi. Dariyar da ya shigo da ita ta tsaya.

"Subhanallahi. Ba ki goge ta ba?"

"In goge me?"

"Basillar mana! Sabon ƙarfe ai sai an murje shi da yashi ya yi fari, a riƙa soka shi cikin kakin zuma kafin kowace huda. Kowa ya san wannan."

"Kowa ban da ni."

"Wallahi na ɗauka Yaya ya gaya maki."

"Yayanka da ke neman kalma ɗaya tun safe bai same ta ba?"

Ya sunkuyar da kai yana shafa ɗigon da babban yatsa. Na ƙura mashi ido ina neman wani abu a fuskarshi, ko kunya, ko jin daɗi. Na ga damuwa, amma ban san ta mece ce ba. Can ya ce, "Ba ni ita in tafi da ita. Zan sa mata baki da wata fata in rufe wurin, Baffa ba zai gane ba. Sai a ce ke kika yi."

"Sai kuma aiki na gaba, wa zai yi a ce ni na yi?"

Na naɗe gafakar na mai da ita ɗaki.

Nuna wa Malam ya fi mani wuya. Har shi na sa wa ido a kwanakin nan, ina cewa ko a ranshi ya fi son ƙanenshi ya ɗauki jakar a huta, kunyata ce kawai ta sa ya ce "ita". Ya daɗe yana duban ɗigon. Ya ce, "Tsami." Na matso lemun tsami na ɗiga a rami ɗaya na can ƙasa. Baƙin ya ɗan ja baya, amma jan ma ya koɗe ya zama kamar tabon ƙuna. Muka dubi juna, muka bar sauran yadda suke.

Na zauna na murji sabuwar basillar da yashi har hannuna ya yi zafi. Ta yi haske, amma da na gwada ta a ɗanyen guntu sai da ta bar toka-toka. Gefe uku suka rage, fata kuwa guda ce. Ina cikin wannan sai Malam ya ɗauki basillar mahaifinshi da hagu, ya buga ƙotar a ƙasa, ya nuna ƙaramar ƙotar da ke hannuna. Ban gane ba sai da ya sake.

"A cire?" na ce. "Ta Baba ce fa."

"Cire."

Na kama ƙarfen da tsumma na riƙa bubbuga ƙotar da taɓarya a hankali. Itacen ya tsufa, bai saki ba sai da ya tsage biyu. Malam ya kau da kai ya dubi hanya. Na zare baƙin ƙarfe daga ƙaramar ƙota, na narka ƙaro na zuba a ramin, na dasa tsohon ƙarfen. Da ya bushe na riƙe. Malam ya tattara ɓarin tsohuwar ƙotar ya sa a aljihu.

Daga ranar na daina ɓuya a ɗaki. Nakan fito zaure idan ba baƙi, Malam ya matse fatar tsakanin gwiwarshi mai lafiya da hannun hagu, ni ina hudawa. A bushe, ba ruwa ko ɗigo. In soka cikin kaki, in soka cikin fata, in zare, in sake. In na matsa rami kusa da wani sai ya yi gyaran murya, in ja baya. Tafina ya fashe ya warke ya sake fashewa. Aikin da na yi a hantsi ɗaya da ruwa, a bushe sai da kowane gefe ya ci kwanaki.

Baffa ya zo ana saura kaɗan sauka. Ƙanen Malam ma ya zo, ban san wa ya gaya mashi ranar ba. Na miƙa gafakar ta bakin labule na tsaya a nan, ina leƙe ta inda ya yage.

Baffa bai yi sauri ba. Ya shinshina ta. Ya buɗe marfin ya sa hannu ciki ya bi ɗinkin da farce. Ya juya gefen farko, ya juya na biyu. Da ya zo kan ɗigon sai ya tsaya.

"Wannan fa? Ado ne?"

Ƙanen Malam ya buɗe baki, na riga shi. "Ba ado ba ne, Baffa. Sabon ƙarfe na sa a jiƙaƙƙiyar fata. Ba ya fita."

"Hmm." Ya dubi labule, ya dubi ƙanen Malam. "Sauran gefen kuma hannun wa?"

"Nawa," na ce.

"Kai ba ka taɓa ba?"

"Ko zare ban ja ba, Baffa," in ji ƙanen Malam. "Ai ba ta bari."

Baffa ya tashi ya rataya gafakar a turken da ke jikin bangon zaure, ya kama gindinta da hannu biyu ya saki nauyinshi. Na runtse ido. Na ji kukan fata, amma ba na tsagewa ba. Ya sake ja. Sannan ya sauke ta ya duba ramukan ɗaya bayan ɗaya, har masu baƙin.

"Fatar akuyata kin ɓata mata fuska," ya ce. "Amma ba ta buɗewa." Ya rataya ta a kafaɗa ya juya gefen ɗigon ya koma jikin haƙarƙarinshi. "Haka yaron zai riƙa ratayawa. In ya tambaya zan gaya mashi gaskiya."

Ba wanda ya yi maganar jaka. Tana nan gefen Malam, hannunshi na kanta.

Baffa ya buɗe buhun da ya zo da shi. Ya fiddo takalman ƙirgi da suka tsinke ya tura gaban ƙanen Malam. "Waɗannan ka tafi da su Kankiya, aikin ƙarfi ne." Sannan ya kwance kuben wuƙarshi daga ɗamara, tsoho, ɗinkin gefenshi ya saki. Ƙanen Malam ya miƙa hannu. Baffa ya ajiye shi kan buzu kusa da ƙafar Malam.

"Wannan a kai ciki."

Malam ba ya iya tashi da sauri, don haka ƙanenshi ne ya ɗauko ya kawo mani bakin labule. Ya miƙo ba tare da ya dube ni ba.

"Matarmu, kin ci kasuwa."

"Ka tsaya ka ci tuwo."

"Wata rana," ya ce. Yana fita na ji yana ƙwala wa ɗan acaba kira.

Na zauna a tsakar gida da kuben a cinya. Aikin Malam ne na tun yana da ƙarfi, na gane shi. Na sa bakin allura na fara zare ruɓaɓɓen zaren, sai ga ramukanshi na nan a jere, ƙanana, ba ko ɗaya da ya yage. Wannan aikin ba ya bukatar huda ko guda, allura da zare kawai, irin wanda nake yi tun ina amarya. Baffa ya fi kowa sanin haka, shi da ke ɗaure da kuben kullum. Ko tausayi ne ya sa ya zaɓa mani shi, ko kuwa har yanzu bai yarda in soka basilla a fatarshi ba, ban sani ba. Na murza zare a cinya, na shafa mashi kaki, na nemi ramin farko.